Yaron Maƙwabta

Kwanana goma sha tara da haihuwa na gane cewa duk gidanmu na Ƙofar Jatau ni kaɗai na san abin da ke damun yaron, kuma ni kaɗai ce ba ni da bakin faɗa.

Haihuwar fari ce, a daminar 1988. Aka mayar da ni gidan mahaifina wankan jego, aka damƙa ni a hannun yayarsa, Goggo Kulu, don mahaifiyata ta rasu tun ina firamare. Goggo ba a ja da ita a kan jego. Matan da ta yi wa wanka sun fi talatin, kuma za ta jero miki sunayensu ko ba ki tambaya ba. Safe da yamma tafasasshen ruwa ne da ganyen runhu har fatata ta fara saɓulewa, in fito in tarar da kwanon kunun kanwa yana jirana. Daga nan sai gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, a ja ƙofa, a toshe 'yar tagar da tsumma kada sanyi ya shige ni. Ko zaure ba zan leƙa ba sai na yi arba'in.

Duk wannan da sauƙi. Mai wuyar ita ce kunyar ɗan fari. Ranar suna aka raɗa masa Aƙilu, kowa ya riƙa kira, ni kuwa an san sunan ba zai fito daga bakina ba har in koma ga Allah. Ba na ɗaukarsa a gaban manya. In yana kuka sai in yi kamar ban ji ba, har sai Goggo ta miƙo shi ta ce, "Ungo, ba shi ya sha." In 'yan barka suka ce yaya yaro, sai in sunkuyar da kai in hau murza gefen zane. Ni ce fa da na gama sakandare, mai yi wa mijina Ya'u gardama a kan labaran rediyo. Amma a lokacin ban ga laifin abin ba. Har daɗi nake ji in an ce Barira akwai kunya.

Tun kwanansa biyu yake da wani sauti a numfashi. Ba kuka ba ne, ba minshari ba ne. In iska za ta shiga sai ka ji ƙiii siriri, kamar ƙofar langa-langa da ba a sa wa mai ba, in za ta fita kuma da ɗan gurnani. Yana ɗaki ana jinsa daga madafa.

Goggo ta ce beli ne. Ba a sha wahalar neman mai cirewa ba, domin mahaifina, Malam Lado, wanzami ne, rabin yaran unguwar shi ya cire musu. Ranar kwana uku ya shigo da zabirarsa, ya yi aikinsa cikin ƙiftawar ido. Sautin bai ko girgiza ba. Da aka yi mako biyu Goggo ta sa aka sake kiransa.

"Lado, ka tsufa. Ka bar saura," in ji ta.

Baba ya fito da yaron hasken tsakar gida, ya danne harshen da ɗan yatsa, ya daɗe yana leƙe. Ya kara kunnensa a wuyan, ya gangara da shi zuwa ƙirji.

"Yaya, babu abin da ya rage. Wannan daga ƙasa yake fitowa."

"To, mura ce ke nan."

Baba ya ɗauki zabirarsa ya fita. Ita ta goya shi yana yaro, bai taɓa koyon yi mata musu ba.

Abin da na sani, a bayan rufaffiyar ƙofa na san shi, lokacin da Goggo ke miƙo min shi ta fita. Zai kama nono ya zuƙa sau uku, huɗu, sai ya saki. Ya wurga kansa baya har ƙeyarsa ta kusa taɓa gadon bayansa. Ramin wuyansa ya lotsa, tsakanin haƙarƙarinsa ya shige ciki, leɓɓansa su yi duhu kamar ya ci ɗinya. In na kwantar da wuyansa a kan hannuna, kan ya ɗan lanƙwasa baya, sai ya samu sauƙi. In an ƙara itace hayaƙi ya cika ɗakin, sai abin ya tsananta. In Goggo ta goya shi kansa ya faɗo gaba, nan ne ya fi muni, ita kuma ba ta ganin abin da ke bayanta.

Na gwada faɗa sau ɗaya, ta bayan gida. Na ce, "Goggo, yaronki kamar ba ya sha sosai."

Ta ajiye ludayi ta dube ni sama da ƙasa. "Iye! Har kin fara auna masa ciki? Ɗan farin? Kul na sake ji. 'Yan boko dai ba ku da ta ido."

Ya'u yakan zo da yamma in ya tashi daga ofis, ya tsaya a zaure, a kai masa yaron ya gani. Shi ya matsa a kai shi asibiti. Goggo ta yarda, amma mai jego ba ta fita, don haka ita ta goya shi ta tafi wani ƙaramin asibiti a nan cikin gari. Ta dawo da kwalbar maganin tari. Na tambayi abin da ta gaya musu, ta ce, "Gaskiya mana. Yana ci, yana barci, mura ce ta kama shi." Ba ƙarya ta yi ba, abin da ta gani ke nan. Na juya fuskata bango na yi kuka ba sauti, ina jin haushinta, ina jin haushin kaina fiye da nata.

Ranar kwana ashirin da shida, bayan azahar, ana yayyafi, ina ba shi nono ya saki kamar yadda ya saba. Ya wurga kai baya. Na jira ƙiii ɗin nan, bai zo ba. Fuskarsa ta yi toka-toka, hannuwansa suka saki.

Ban san lokacin da na buɗe ƙofar ba. Na ratsa tsakar gida da gudu, ba ɗankwali, ba takalmi, na faɗa zaure inda Baba ke yi wa wani dattijo aski. Ko a nan bakina bai iya cewa ɗana ba. "Baba!" kawai na ce, na miƙa masa shi.

Ya yar da askar. Ya kwantar da yaron a cinyarsa, na sa hannu na lanƙwasa wuyan baya yadda na sani, Baba ya hura masa iska a hanci da baki. Sau ɗaya, sau biyu. Sai ƙiii. Ban taɓa jin abin da ya kai shi daɗi ba.

Goggo ta iso tana haki. "Barira! Zaure? Gaban maza? Saura kwana goma sha huɗu fa!"

Baba ya ɗaga kai. "Yaya, ɗauko mata mayafi. Babban asibiti za mu, kuma da ita."

Dattijon nan da rabin kai a aske shi ya fita cikin ruwa ya taro mana tasi. Har yau ban san wanda ya ƙarasa masa askin ba.

A ɗakin yara na babban asibiti suka sa masa iska ta hanci. Likitan da ya zo, Likita Jumare, dogo ne mai sanyin magana, tare da wata nas mai furfura a goshi, Sista Asabe, mutuniyar Wusasa. Ya fara tambaya, Goggo ta fara amsawa. Yaushe ya fara? Da shigowar sanyin damina. Yana shan nono? Ƙwarai kuwa. Ya taɓa shiɗewa kafin yau? Ko sau ɗaya.

Likitan ya juyo gare ni. "Uwar yaro, ke me kike gani in yana sha?"

Ga Baba a tsaye, ga Goggo a gefena. Amsar tana nan cike da bakina, amma wuyana ya sunkuya da kansa, hannuna ya kama gefen mayafi. Wallahi na so in yi magana. Shekara ashirin ana koya wa jikina wannan sunkuyon, ya ƙi ya saurare ni.

"Ɗan fari ne, Likita," Goggo ta ce, har da 'yar fara'arta. "Ba za ta tanka ba."

Sista Asabe ta dube ni, ta dubi Goggo. Sai ta tafa hannu. "Af, Goggo! Mai jego ce ashe, kuma ruwan sama ya taɓa ta? Maza ki bi barandar nan har ƙarshe, ki ce ni na aiko ki a ba ki ruwan zafi. Malam, raka ta, wurin da ɗan nisa."

Ba a taɓa aiken Goggo ta tafi da sauri irin na ranar ba. Sista ta ja labule, ta zauna a bakin gadon, ta rage murya.

"'Yata, ni ma Bahaushiya ce, kakata har ta rasu ba ta kira sunan babana ba. Ban ce ki yi min maganar ɗanki ba. Ba ku da maƙwabta?"

Na ce muna da su.

"To, an ce suna da wani jariri mai irin wannan numfashin. Ba ni labarinsa."

Na buɗe baki, sai ga magana tana zuba. Na ce yaron maƙwabtan nan tun kwana biyu yake haka, kafin a cire masa beli. Zuƙa huɗu yake yi ya saki. Leɓɓansa sun yi duhu sau goma sha ɗaya, uwarsa tana ƙirgawa. In an lanƙwasa wuyansa baya yana samun sauƙi, in kansa ya faɗo gaba kamar an shaƙe shi. Ba ya zazzaɓi, ba ya majina, maganin tari bai yi masa komai ba. Na ce uwarsa ba ta da wanda za ta gaya wa, kuma tsoro ya kusa kashe ta.

Likita Jumare yana bayan labule yana rubutu. Da na kai kan maganar wuya sai na ji biron ya tsaya. Ya leƙo ya ce, "Ki ce wa maƙwabciyar taku ta yi aikin rabin likita."

Washegari aka ba yaron wani farin ruwa mai kauri kamar koko, aka ɗauki hoton ƙirjinsa yana haɗiya. Bayan kwana biyu aka zura masa wani siririn ƙarfe mai fitila ta baki aka leƙa maƙogwaronsa. Sannan likitan ya tara mu a ofishinsa, ni da Ya'u da Baba da Goggo, ya ɗauki takarda ya zana layuka biyu a tsaye.

"Wannan hanyar iska ce, wannan ta bayanta hanyar abinci. Akwai babbar jijiya da ke ɗauko jini daga zuciya, ta rabu biyu, ɗaya ta tafi huhun dama, ɗaya huhun hagu. A wurin yaron nan ta hagun ba ta fito daga inda ya kamata ba. Daga ta dama ta tsiro, sai ta zagayo ta bayan hanyar iska, ta ratsa tsakaninta da hanyar abinci, kafin ta isa hagu." Ya zana lanƙwasar. "Ta naɗe masa maƙogwaro ke nan. Tun yana ciki haka aka halicce shi. Ba laifin kowa ba ne, ba kuma beli ba ne."

Baba ya jawo takardar gabansa ya ƙura mata ido. "Kamar akuya ta zagaye turke da igiyarta."

"Haka yake, Malam. Kuma yana girma igiyar tana ƙara matsewa."

Ya ce magani ɗaya ne. A buɗe ta gefen hagu tsakanin haƙarƙari, a yanke jijiyar daga inda ta tsiro, a zaro ta daga bayan maƙogwaro, a ɗinke ta a gaba inda ya kamata ta kasance. Bai ɓoye mana komai ba. Ya ce abin ba kasafai ake ganinsa ba, sau biyu ya taɓa tsayawa ana yi lokacin da yake karatu a waje, shi da hannunsa bai taɓa yi ba. Yaron zai iya tafiya a kan tebur. In an bar shi kuma, da wuya ya ga shekara.

Goggo ta miƙe tsaye. "Jaririn da ko arba'in bai yi ba za a tsaga? Lado, kana zaune kana ji? Ku tashi mu tafi gida, Allah na nan."

Ya'u ya riƙe biro a kan takardar amincewa da aikin yana kallon surukinsa, ya kasa sa hannu, ya kasa ajiyewa. Ni kuwa ba wanda ya tambaye ni, kuma ko an tambaya mun san abin da wuyana zai yi.

Baba ya dubi yayarsa. "Yaya, shekara arba'in ina sa aska a bakin 'ya'yan mutane, iyayensu na tsaye, sun yarda da ni. Yau ni ne a tsaye. Askata ba ta kai nan ba, tasa ta kai." Ya juya. "Ya'u, sa hannu."

Sai da aka yi kwana tara ana ba shi nonona ta siririyar roba a hanci don ya yi ƙwari. Ranar Talata da hantsi suka tura shi ta wata ƙofa mai murfi biyu, suka bar mu a kan benci. Awa biyar muka yi. Nono ya cika ya jiƙa min riga, na rufe da mayafi. Ba halin in yi kuka a gaban Baba, ba halin in tashi in yi ta zagaye. Na zauna kamar wadda ta rako wata. Can na lura carbin Goggo ba ya tafiya, ta ƙura wa ƙofar ido kawai. Ita ta yi wa yaron wankan farko, a bayanta yake yini. Sai na ji haushin da nake ji nata ya ragu, ko da yake bai tafi duka ba.

Likita Jumare ya fito hularsa jiƙe da gumi. Ya ce an zaro jijiyar, an ɗinke, jini yana wucewa. Yaron yana da rai.

Kwana huɗu yana kwance da roba a maƙogwaro. Ranar da aka cire ta na matsa kusa. Ya ja iska. Ƙiii.

Na ji kamar in kurma ihu. Duk wannan yankan, duk wannan ɗinkin a gefen ɗan mitsitsin jikinsa, ga abin nan yana nan? Likitan ya ce in yi haƙuri. Wurin da aka matse tun yana ciki ya yi laushi, sai a hankali zai yi ƙarfi ya buɗe. Zai iya ɗaukar makonni, zai iya ɗaukar watanni, kuma kafin nan a sa ido sosai, don irin shiɗewar nan tana iya dawowa.

Arba'in ɗina a asibiti ta same ni. Na ɗauka daga nan sai ɗakin mijina, ashe Goggo tana riƙe da ƙirgenta. Kwana goma sha huɗu na wanka suka kuɓuce mata, kuma sai an rama su. Haka aka sake mayar da ni Ƙofar Jatau, ɗaki ɗaya, gado ɗaya, runhu da kanwa. Abu ɗaya Baba ya tsaya a kai, ba wuta a ƙarƙashin gado, kuma da hannunsa ya cire tsumman tagar.

A kwanakin nan da kunne nake rayuwa. Duk inda nake a gidan, rabin hankalina yana kan sautin. Ina cin abinci ina saurare, ina salla ina saurare, Allah Ya yafe min. Muddin ina jin ƙiii, yana nan. Na riga na san abin da shirunsa yake nufi, na gani da idona ranar yayyafin nan. Sautin yana ta raguwa kullum, ni kuma ina ta ƙara kasa kunne, har ban lura raguwa yake yi ba.

Ranar wankan ƙarshe gidan ya cika da mata. Mahaifiyar Ya'u ta zo da 'yan'uwanta za su tafi da ni, suna zaune a tabarma a tsakar gida, dab da ƙofar ɗakin da yaron ke barci. Ina makewayi a durƙushe, Goggo tana tsoma runhu a ruwan zafi tana fyaɗa min a baya. Ta tsaya ta ƙara ruwa, matan ma hirarsu ta ɗan yanke. Na kasa kunne.

Ina jin tattabarun maƙwabta. Ina jin ɗigar ruwa daga ganyen. Daga ɗakin, babu komai.

Na ture bokitin. Na fizgi zane na ɗaura a ƙirji, na fito da gudu jikina na tururi, na tsallake ƙafafun surukata.

"Aƙilu! Aƙilu! Ɗana!"

Yana kwance a rigingine, hannuwansa biyu a sama kusa da kunnuwa. Leɓɓansa jajaye. Ƙirjinsa yana hawa yana sauka, yana hawa yana sauka, ba ƙara ko kaɗan. Barci kawai yake yi irin na kowane jariri, ni ce ban taɓa ganin irinsa a wurinsa ba.

Ihuna ya tashe shi. Ya yamutsa fuska, ya buɗe baki, ya tsala kuka mai ƙarfi har cikin zaure, irin wanda bai taɓa samun iskar yinsa ba. Na sure shi na rungume, ina kuka yana kuka.

Da na juyo, ƙofar cike take da fuskoki. Duk sun ji. Surukata ta rufe baki da mayafi. Goggo tana gaba, ganyen runhu na ɗiga a hannunta, idanunta sun yi ja. Na tsaya ina jiran abin da za ta ce, amma wannan karon wuyana bai sunkuya ba.

Ta share fuska da bayan hannu. "To, ai kin tashe shi," ta ce. "Zauna ki ba ɗanki ya sha."

Na zauna a gabansu duka. Ya kama. Na ƙirga a zuciyata kamar yadda na saba, ɗaya, biyu, uku, huɗu, ina jiran ya saki.

Bai saki ba.